Allon Bakin Kwalbati

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san Jaji, ya kuma san labarinsa, don ko ba a tambaya ba sai ya bayar. Kwalara ta zo ta kwashe rabin unguwa ta bar shi. Kububuwa ta sare shi a gonar tumatir, ita ta mutu. Ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba, amma ka ji shi da faɗin cewa masu haƙa kanal wurinsa suke zuwa neman shawara. Babban labarin kuwa na ranar da aljanin ruwa ya ɗauke ƙanensa Iliyasu ne, shekara arba'in ke nan. Wai shi ma Jaji aljanin ya cafko masa ƙafa, ya fizge da ƙarfin tsiya.

Ran nan bayan la'asar jikarsa Khaulat, 'yar aji biyar a sakandare, ta iske shi a gona riƙe da littafi.

"Ango, tashi ka raka ni. Malamin Turanci ya ce kowa ya kwafo kalmomi daga allunan gari, ya faɗi ma'anarsu, ya sa su a jimla."

"Amarya, wannan Turancin naku ya taɓa tsirar da albasa ko ɗaya?"

"Kai dai tsoron boko kake yi, tsoho."

Ya saɓa fartanya ya bi ta. Ba ta tsaya ko'ina ba sai bakin kwalbatin da ruwan kanal ke kurɗawa ƙarƙashin titi. Nan wani allon ƙarfe yake, duk ya yi tsatsa. Jaji ya ja ya tsaya daga nesa.

Ta jiƙa bakin mayafinta ta goge allon, ta fara karantawa tana fassara.

"Danger, haɗari ke nan. Current, ruwan da ke ja da ƙarfi ta ƙasa, ko da samansa a kwance yake lumui. Wai kada kowa ya shiga nan. Ga drown ma, wato ruwa ya ci mutum."

Jaji ya san allon nan tun fentinsa na sheƙi. A jikinsa ya rataye rigarsa ranar da magirbinsa ya faɗa ruwa. Yana tsaye a inuwarsa ya ce wa Iliyasu, "Faɗa ka ɗauko mana, ai bai kai ƙirji ba." Shi ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba.

"Sake karanta ta tsakiyar," ya ce.

Ta sake. Ruwan na tafiya sumul, ko motsi ba ka gani, sai ɗan karan dawa da ya zo bakin kwalbatin ya juya sau biyu ya nutse.

"Da ma abin da yake faɗa ke nan? Tun farko?"

"To da me ka zata?"

"Sunan masu aikin."

Ta zauna a kan siminti tana cizon biro. "Saura drown. Ango, ba ni jimla da Hausa in juya."

Ya ajiye fartanyar a ƙasa. Da ya buɗe baki, muryar ba ta mai ba da labari a majalisa ba ce.

"Rubuta: Jaji ne ya ce wa ƙanensa ya shiga."

"Kaka, ai babu kalmar a ciki."

"Tana ciki. Rubuta."