Sun Zo Karɓar Makulli

"Ki kwashe kayanki ki koma gidan maƙwabciya," in ji Baba Kafinta, muryarsa da ƙyar take fita. "In kina nan ba za su shigo ba."

'Yarsa tana durƙushe gaban gado, cokali a hannunta. Ni ce maƙwabciyar. Ruwan zafi na kawo, na tsaya bakin ƙofa kamar an dasa ni.

"Baba, wa zai juya ka? Wa zai ba ka magani?"

"'Yan'uwana suna nan. Allah bai keɓe mu don mu watsar da juna ba."

Haka suke kiran kansu, 'yan'uwa, zaɓaɓɓun Allah. Ɗakin taronsu yana ƙarshen layinmu, kuma bencinansa da ƙofarsa da tagoginsa duk aikin hannun Baba ne. Ba ya cin abincinmu, ba ya shiga sabgarmu, amma in ƙafar kujerarka ta karye zai gyara ya ajiye maka a bakin ƙofa. Da 'yar ta daina zuwa taro, Jagoransu ya ce a yanke ta. Baba ya yanke ta, alhali ita kaɗai ya haifa. Shekara da shekaru in sun haɗu a hanya sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ciwon nan ne ya dawo da ita, ba wanda ya kira ta.

Ta ɗauki jakarta ta biyo ni. A gidana jikin bangon da ya raba mu take wuni, in ya yi tari ta miƙe, in ya lafa ta zauna. Ni nake kai masa abinci. Da farko ya ƙi, daga baya ya riƙa karɓa yana kau da kai. Kullum sai ya sa na canza masa riga na jera kujeru a ɗakin.

"Yau za su zo," yakan ce. "Hidima ce ta yi wa Jagora yawa."

Ranar taronsu, da aka tashi, muna jin hirarsu suna wucewa ta ƙofar gidan. Ko leƙe babu. Sai da yamma aka ƙwanƙwasa. Baba ya yunƙura zai zauna, fuskarsa ta washe.

"Ban faɗa miki ba?"

Mataimakin Jagora ne. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ko takalmi bai cire ba.

"Shigo mana, ɗana. Ga kujera."

"A'a Baba, sauri nake. Jagora ne ya ce in karɓo makullin ɗakin taro da ke wurinka."

"Ai na sallame ta. Ba ta gidan nan."

"An sani. Amma ta kwana a nan, kuma an ce kana cin abincin waje. Jagora ya ce ka binciki zuciyarka, ciwo ba ya zuwa haka kawai."

Raina ya ɓaci. "Zuciyar tasa? Mutumin da ya kori 'yar cikinsa saboda ku?"

Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da ni. Makullin yana rataye a wuyansa da zare. Ya yi ya yi ya cire, hannun ya kasa, sai ni na zare masa. Mutumin ya karɓa da yatsu biyu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya juya.

Baba ya kalli rufin ɗaki.

"Ni na sa wa ƙofar ɗakin taron nan kwaɗo," ya ce. Can kuma ya ce, "Allah dai ya sani, ban yi masa wasa ba."

Na fara kwashe kujerun, bai hana ni ba.

"Tana nan?"

"Ba ta je ko'ina ba."

"Ki ce mata... ki ce ƙishirwa nake ji."

Ta zo ta tallafi kansa ta ba shi ruwan. Ya kama wuyan hannunta, ya ƙi saki. A haka ya cika washegari da hantsi.

Mu 'yan layi muka yi masa sutura, mazanmu suka kai shi. Daga cikin 'yan'uwan ko mutum ɗaya bai zo ba.

Da mutane suka watse na nemi 'yar ban gan ta ba, sai na zagaya shagonsa. Tana zaune a dakali, rigar aikinsa a kan cinyarta, tana tsince ɓurɓushin katako daga aljihun tana tarawa a tafin hannu.