Abin da Iyatu Ta Zo Bayarwa

Duk ranar da Dakta Haulatu ta zo gida Kankiya daga Abuja, gidan mahaifinta komawa yake asibiti. Wanda ke kai labari dai ba ta san shi ba. Kafin ta gama karyawa tsakar gida ta cika da mata, kowace da tsohuwar takardar gwaji ƙulle a bakin mayafi. Aikinta ne ya ja mata, don likitar masu neman haihuwa ce.

Wannan Asabar ɗin, cikin matan har da Mairama, mai kawo nono daga wata ruga kusa da Ƙofa, a ƙasar Kusada. Shekararta goma sha huɗu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Bara Haulatu ta sa aka yi mata gwaje-gwaje, sakamako ya nuna mahaifa lafiya lau, amma ƙwan haihuwa ya ƙare tun da wuri. A ranar, da ta ga baiwar Allah ta yi zuru, sai bakin Haulatu ya suɓuce ta ce, "Sai dai ko a sami ƙwan wata a dasa miki." Tun ba ta rufe baki ba ta yi da-na-sani, amma magana zarar bunu ce.

Ita kanta wannan aiki na ƙwai bai taɓa kwanta mata ba. A asibitinsu 'yan mata ke zuwa bayarwa, yawancinsu ɗalibai. A yi ta yi musu allura har ciki ya kumbura, a zuƙe ƙwan, su kama gabansu. Ko sunansu mai karɓa ba ta ji, sai lamba. Ta kuma ga matan da suka rungumi jariri ta wannan hanya suna kukan daɗi, ba ta isa ta ce ba su sami alheri ba. Amma malaman da ta tambaya, akasarinsu cewa suka yi a'a, nasaba za ta cakuɗe. Don haka in irin aikin ya zo sai ta miƙa wa abokiyar aikinta, ta koma ofis da zuciya a cunkushe. Kwanan nan ma likitancin gaba ɗaya ya soma fita ranta.

Yau Mairama ba ita kaɗai ta zo ba. Tare take da ƙanwarta Iyatu, doguwa, wadda ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Haulatu ta shigar da su ɗaki, aka gaisa, aka tambayi shanu da mutanen ruga.

"Likita, ga ƙanwata," in ji Mairama, ido a ƙasa. "Maganar nan ta bara ce. Wallahi ban roƙe ta ba, ita ta matsa."

"Na shirya," in ji Iyatu. "Na gaya wa maigidana. Kwana uku bai ce mini uffan ba, ran na huɗu ya ce Allah ya sa albarka. 'Ya'ya uku gare ni, sun ishe ni. A cire a ba ta."

Haulatu ta dube ta. "Sun ishe ki kamar yaya?"

"To ai in an cire, haihuwa ta ƙare ke nan, ko? Na sha gyara kaza, Likita. Na san curin 'yan ƙwan nan da ake tararwa a cikinta, manya da ƙanana a wuri guda. Shi za ku ɗauke daga cikina ku sa a nata."

Dariya ta taso wa Haulatu, amma nan take ta gushe. Ikon Allah! Ashe yarinyar nan tun daga ruga ta taho da zaton ta yi ban kwana da goyo har abada, ta kuma zauna a tabarma tana maganar kamar mai ba da aron ludayi.

"A wurinmu," Iyatu ta ƙara, "in garken ɗan'uwanka ya ƙare, ba jaje kawai ake kai mashi ba. Karsana ake ɗaure mashi."

Mairama ta juyo a firgice. "Ke Iyatu! Dama haka kika ɗauka? Kika biyo ni duk tafiyar nan ba ki faɗa mini ba?"

"In na faɗa, za ki yarda ne, Adda?"

Haulatu ta gyara zama ta yi musu bayani dalla-dalla, ba ta rage komai ba. Ta ce ba a taɓa curin, kaɗan ake ɗiba, mace ta ci gaba da haihuwarta. Ta ce akwai allurai masu wahala, kuma ko an dasa ba lalle ya kama ba. Sannan ta faɗa musu abin da malamai suka gaya mata, ta ce ita likita ce, ba ta ba da fatawa, amma ba za ta ɓoye ba.

Duk wannan Iyatu abu ɗaya ta ji.

"Ke nan zan ƙara haihuwa?"

"In Allah ya so, har ki gaji."

Sai Iyatu ta rufe fuska da gefen zane ta fashe da kuka, irin kukan wanda ya daɗe yana danne shi. A nan Mairama ta ga girman abin da aka zo ba ta.

"Likita, a bar maganar," in ji ta. "Ko malamai sun halatta, ba za a soka mata allura saboda ni ba. Na haƙura."

Iyatu ta share fuska. "To ki ji, Adda. Ɗiyata Karima, watan gobe zan yaye ta. Tun tana ciki na yi miki niyyarta. Tsoro na ji in faɗa, ki ce na fid da rai da haihuwarki."

Mairama ta matso kusa da ita.

"Ni kuma sau nawa na buɗe baki in roƙe ki, nauyi ya hana."

"Kai, ku da kunyarku!" in ji Haulatu, tana dariya tana hawaye. "Da kun yi magana tun bara, ai da kun hutar da ni!"

Godiya ce ta cika mata zuciya, ba ta kuma ɓoye ba. Shekara da shekaru tana tsaye tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, ba ta taɓa ganin sun dubi idon juna ba sai yau. Ta kama hannun Iyatu ta ce, "Na gode. Ba ki san abin da kika yi mini ba." Iyatu ta rasa me ta yi wa likita, ta dai ce ba komai.

Sun kai bakin ƙofa, Mairama ta dawo da baya, ta rage murya kada matan tsakar gida su ji.

"Likita, in tambaye ki. Ni ban taɓa yi ba. In yarinyar ta tashi kukan uwarta, me ake ba ta?"

Haulatu ta dafa kafaɗarta.

"Ba a ba ta komai. Goya ta za ki yi."