Inda Ɗigon Ya Faɗa

Mai ɗinki ta sake leƙa titi, ta dawo ta zauna, ta miƙe. Tun safe babu wanda ya ɗaga labulen shagon. Kekuna biyu na lulluɓe da zane, na ukun ma zare kawai take canza masa don hannunta ya sami abin yi. Ga wa'adin haya na matsowa.

Wayar ce ta fi hana ta sukuni. Tun da ƙaninta ya sa mata shagon a taswirar waya yabo ke shigowa. "Hannunta akwai tsabta." "Ta mayar min da riga sabuwa." Taurari biyar-biyar, daga matan da ko kafaɗarsu ba ta taɓa aunawa ba.

Ta kira shi. "Kai, su wa ke rubuta wannan? Abokanka ka sa?"

"Haba Yaya, abokaina doguwar riga suke sawa? Ki bi jan ɗigon ki gani mana."

Ta kulle shagon, ta danna sunan shagon a waya, ta bi muryar da ke nuna hanya kamar baƙuwa. Muryar ta tsallakar da ita titi, ta wuce da ita gaban mai faci, ta kutsa wani lungu da ruwan wanki ke kwance, sannan ta ce an iso.

Ƙofa a buɗe. Wata tsohuwa ce ke taka keke, tabarau ɗaure da zare, yadudduka jibge a kan gado har kan kujera.

"Shigo, 'yata. Gyara ne ko sabo?"

"Mama, wa ke turo miki mutane?"

"Wallahi ban sani ba. Sai dai su zo riƙe da waya, su ce nan ne wurin ɗinki? Ni kuma ga keke, in ce a'a? Tun rasuwar maigidan yake rufe. Yanzu ko maganin hawan jini na daina roƙon yara."

Mai ɗinki ta fasa faɗan da ta taho da shi. Ta ɗauki wata riga, ta juya cikinta, ta bi layin ɗinkin da farce tana neman aibu. Ba ta samu ba.

"Mama, shagona suke nema. An sa ɗigon a kan gidanki."

Ƙafar tsohuwar ta tsaya. Ta cire tabarau, ta dubi gadon.

"To... sai a kwashe miki, ko?"

Wayar na hannun mai ɗinki, ƙaninta na ta kira, zai gyara ɗigon yanzu in ta ce. Ta dubi tulin kayan.

"Yaushe za a karɓi waɗannan?"

"Jibi. Ga idona ba ya kai yamma."

Ta jefa wayar cikin jaka, ta jawo kujera da ƙafa.

"Miƙo min almakashin, Mama."