Namusiyar Mati

Ana cikin zaman makokin Mati mai karo, wato keken jaki, kwana biyu da rasuwarsa, Hajja Sakina ta ji maganar a bakin mata masu dakan kofi. Wai maganin da ke jikin namusiya, gidan sauron nan da aka raba ranar allurar ƙyanda, shi ya toshe masa ƙirji.

Shekara talatin ta yi tana koyarwa a garin Sinnar na Sudan, ta san yadda "wai" ke yin ƙafafu. Da safen nan ma surukarta Ramla ta kwance namusiyar jariri ta tura ƙarƙashin gado, ta rantse ba ta kai shi wurin masu allura in sun dawo jibi. Ga damina ta kankama, sauro kamar hayaƙi.

Hajja ta ja sandarta ta shiga wurin Hadizatu, matar mamacin.

"Ya haƙuri, ƙawata?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Ustaza."

Hajja ta zauna, tana bin azarar ɗakin da ido. Babu ƙusa, babu igiya.

"Ina yaka rataya tashi namusiya?"

Hadizatu ta yi dariya har da hawaye. "Mati? Cewa ya yi ba ya shiga likkafani tun da ranshi. Kuma mu mi za mu kai a ba mu? Sai mai ɗa na goye aka ba."

"To mutane sun ce sun gan shi wurin masu allura."

"Sun gani mana! Sawu bakwai ya yi da jakin ga, yana kwaso mata da ɗiyansu daga hawasha, can gonaki, zuwa makaranta wurin allurar, yana maido su. Tarin ko tun bara yaka fama da shi. Na ce ka zauna, tsoho, ya ce taɓo ya yi yawa, wa zai kai su?"

Ta share ido da bakin mayafi.

"Da anka tashi, mai allura ta ba shi guda, wai ladan gajiya. Ya shanya ta inuwa wuni guda yadda anka ce, ya miƙa ma ɗanki Saifuddeen ta kan katanga. Ramla na can garin Rusairis ran nan, ba ta samu ba. Ya ce kar a faɗi, kar ku ji nauyi."

Hajja ta dafa sandarta ta miƙe. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninta da Mati, bai taɓa wuce gaisuwa da ita ba.

"Allah ya yi mishi rahama," ta ce.

Ta fito tsakar gida. Taɓarya ta tsaya. Ramla na cikin matan, jariri a baya yana barci.

"Mati bai taɓa kwana cikin namusiya ba," in ji Hajja. "Guda anka ba shi. Jikana ka kwana cikinta, yau kwana goma sha tara."