Hular Alhaji Maje

A shekarar da aka raba kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, kowa a Kano ya sayi abin da ya daɗe yana kwana da shi a rai. Wani babur, wani rediyo, wani agogo. Amma a Fagge abin da aka fi saya hula ce, don ko mutum bai kai ga mota ba, zai iya ɗora arzikinsa a ka kowa ya gani. Wannan ne ya buɗe kasuwar Modu mai wankin hula.

Modu Babarbare ne, amma a Fagge aka yanke masa cibiya. Shekara talatin yana rumfa ɗaya a bayan Kantin Kwari, da bahonsa da buroshi da sitaci, ga kututturan icce jere a rana, kowanne sanye da hular wani. Bai taɓa sa wa hula alama ba. Huluna ɗari biyu za su taru ranar Alhamis, ya ɗaga ido ya dubi mai shigowa, ya miƙa hannu ya ɗauko masa tasa. Mutum ɗaya ne ya taɓa kamo shi a wannan sani, wato Salmanu, wanda ya yi shekara bakwai yana koyon wanki a hannunsa kafin ya tafi makarantar horon malamai. Da ya dawo ya zama malamin firamare, Modu ya aura masa 'yarsa Yakaka. Tun daga ranar kunya ta shiga tsakaninsu, sai gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa.

A shekarar nan ce kuma aka gama wani bene mai hawa huɗu a bakin mahaɗar Bata, ta ɓangaren Sabon Gari. Babu allo a ƙofarsa, babu mai gadi, tagoginsa baƙin gilashi ne. Ba a taɓa ganin an kai abinci ciki ba. An dai ce na gwamnati ne, mutane suka sa masa suna Benen Shiru. Sai aka fara lura da wani abu: in mutum biyar sun tsaya a gindin bishiyar Bata suna ƙorafin tsadar shinkafa, bayan kwana biyu wasu mutane masu ladabi za su yi wa kowannensu sallama a gida, su maimaita masa inda ya tsaya da wanda ke damansa. Ba sa duka, ba sa zagi. Su gaisa su tafi.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Alhaji Maje, Bafulatani mai sayar da atamfa a Kwari, mutum mai murya kamar ganga. Sau biyu yana hawa benci a Bata yana cewa a taru a je a tambayi dalilin wannan leƙe. Sau biyun duk wanda ya tsaya saurare sai da aka yi masa sallama. Daga nan in Maje ya buɗe baki, sai ka ga kowa ya tuna yana da wani aiki.

To, masu wankin hula suna da wata ɗabi'a da ba sa faɗa wa kowa. In mai hula ya yi tafiya, wani na jiki kuma ya matsu, sukan ara masa ita na yini guda, a dawo da ita a goge. Wata Litinin Salmanu ya durƙusa a bakin rumfa. An kira shi ofishin ilimi kan maganar ƙarin girma, tasa hular kuwa tana cikin baho sharkaf. Modu ya duba kututtura. Kan Salmanu da na Maje awo ɗaya ne, Maje kuwa yana Legas sarin kaya. Ya ciro hular, 'yar Bama ce koriya mai jan zare a tsakar ka, babu irinta a Fagge, ya miƙa wa surukinsa ba tare da ya dube shi ba.

Mai sayar da rake a Bata ne ya ga abin da ya biyo baya. Ya ce wata farar Fijo ta tsaya daidai ƙasan benen, mutum biyu suka fito suka gaida Salmanu da hannu biyu, suka buɗe masa ƙofa, ya shiga. Ko ɗaga murya ba a yi ba.

Kwana takwas Modu yana yawo. Caji ofis suka ce ba su da shi, asibiti babu, gidan yari babu. Yakaka takan zo rumfa da safe ta zauna a gefen baho, ba ta cewa komai, don ba ta faɗin sunan mijinta. Sai dai in za ta tashi ta ce, “Baba, har yanzu?” Ya ce, “Har yanzu.”

A rana ta tara, da azahar, sai ga Okechukwu mai hoto. A Sabon Gari aka haife shi, yaƙin basasa ya kore shi, da aka gama ya dawo ya buɗe shagonsa. Hausa a bakinsa sai ka rantse Bakano ne. Ya zauna, ya ƙi shan ruwan da aka ba shi.

“Baba Modu, injin wankin hoton mutanen can ya lalace makon jiya, suka kawo mini aiki. Mutum biyu suka tsaya a kaina har na gama. Wannan hoton ɗaya ya faɗi bayan tebur.”

Ya zaro shi daga cikin riga. Modu ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Babu fuska ko ɗaya a ciki. Da'irori ne kawai cunkushe, kamar an kife faifai a tsakar gida. Sai da ya ƙura ido sannan ya gane: huluna ne, an ɗauko su daga sama. Ga ta Sabo mahauci, ga ta Malam Abdulgani, ga ta liman. A tsakiya, sama da sauran, ga 'yar Bama, an zagaye ta da jan alƙalami.

“Daga hawa na huɗu ba a ganin fuska,” in ji Okechukwu. “Hula suke bi. Kowace da lambarta. Ku kuma, Allah ya ba ku, mutum ɗaya hula ɗaya har ta yage.”

Modu ya daɗe yana kallon hannuwansa. Shi ya ɗora wa yaron hular nan.

Washegari Maje ya dawo daga Legas, ya faɗo rumfa da ƙarfinsa. “Ina bawan nan Babarbare? Fito mini da hulata!”

“Zauna, Bafulatanin banza,” in ji Modu, amma babu dariya a muryarsa. Ya faɗa masa komai, har aron.

Maje ya zauna. “In na kai kaina fa?”

“Su riƙe biyu.”

“To mu tara jama'a.”

“Wa zai zo? Kowa ya san za a yi masa sallama.” Modu ya dubi kututturansa. “Sai dai in wanda ya zo ba shi ne ya zo ba.”

A yinin Modu ya zagaya rumfunan wanki shida na Fagge, duk masu su ko yaransa ne ko 'yan'uwa. Ba a kira taro ba, ba a hau benci ba. Ranar Alhamis dai kowa zai zo karɓar hular Juma'a da ƙafarsa, ɗaya bayan ɗaya, babu mai zargin wannan. Duk wanda ya shigo, sai a miƙa masa hular wani mai irin kansa, a raɗa masa abin da za a yi.

Ba a sha da sauƙi ba. Hular namiji ba abar musanya ba ce, wani ma akwai laya ɗinke a cikin tasa.

“Ni zan sa hular Sabo?” in ji Malam Abdulgani. “Ƙarnin nama ya bi ni har sahu?”

“Shi ma taka zai sa, Malam, ko Allah ya sa karatu ya shiga kansa,” in ji Modu.

“In da ƙwarƙwata fa?”

“Ni na wanke ta. Ka taɓa ganin ƙwarƙwata ta tsira a hannuna?”

Wasu sun ƙi. Mafi yawa suka karɓa, don kusan kowa yana da ɗa a ajin Salmanu, kuma kowa ya gaji da sallamar nan. Magana ɗaya Modu yake nanatawa: a sauko daga masallaci a tafi tare, kai a sunkuye, ba magana. A wuce ƙasan benen sau uku a watse. Lambobinsu su rikice, su gane hula ba mutum ba ce, su saki wanda suka kama a kan hula. Kada kowa ya ɗaga kai, kada kowa ya taɓa hularsa.

Ranar Juma'a rana ta take. Mutum ya fi ɗari biyar suka taho daga Fagge, ba ka jin komai sai jan takalma. Direbobin Bata suka kashe mota da kansu. Matan Sabon Gari suka tsaya a bakin shagunansu da hannu a baki. Modu yana tsakiya, kansa na juyawa, don ko'ina ya duba sai ya ga hular wani a kan wani, kamar an sassauya wa mutanen garin kawuna. Aka wuce sau ɗaya. Aka wuce sau biyu. Benen bai motsa ba.

A na uku ne zuciyar Maje ta ci shi. Shirun ya yi masa yawa. Ya fito gaban ƙofar, ya fizge hular kansa ya maka ta da ƙasa.

“Hula kuke so? Ga ta nan! Ku ba mu mutum!”

Dattijo ya tsaya a titi kai babu hula, abin ya girgiza jama'a. Sabo ya cire tasa ya jefa. Liman ya cire. Kafin Modu ya buɗe baki, huluna na ta sauka kamar tsuntsaye, suka yi tsibi a ƙofar, mutane ɗari biyar kuma suka ɗaga fuska sama gaba ɗaya, ga sanƙo, ga furfura, ga tabon sallah. Modu ya yi ta cewa, “Ku rufe kai! Ku sunkuya!” Babu mai ji. Wani ma ya cire masa tasa don taya shi.

Sai wata taga a hawa na huɗu ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ba a ga kowa ba. Aka dai ji ƙarar kyamara, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ba gaggawa. Sannan ta rufe.

Aka koma Fagge ana murna, ana cewa yau an nuna musu. Modu kuwa ya koma rumfarsa. Ya san tsibin nan ko shi sai ya yini biyu kafin ya raba shi, wannan kaɗai ya ɗan kwantar masa da hankali.

Ranar Lahadi da hantsi farar Fijo ta shigo Fagge, tana bi lungu-lungu a hankali. A kowace ƙofa sai mutum biyu su yi sallama, su kira mai gida da sunansa, su miƙa masa hula da hannu biyu. Ba wadda ya jefar ba, tasa ta ainihi, a wanke, a goge, da karinta yadda ya saba. Ba su yi kuskure ko a gida ɗaya ba. Maje aka ba shi 'yar Bamarsa, aka tambaye shi ya hanyar Legas. Tun daga ranar ba a ƙara jin muryarsa a Bata ba.

Gidan Modu ne na ƙarshe. Suka ba shi tasa, sannan suka buɗe ƙofar baya, Salmanu ya fito. Babu rauni a jikinsa, har ya ɗan yi haske. Yakaka, da ta dawo gidan uban tun ranar da abin ya faru, ta leƙo daga soro ta fashe da kuka, mata suka ɗau guɗa.

Salmanu ya durƙusa a zaure, ido a ƙasa, ya ajiye hannuwansa a kan gwiwa. Modu ya dube su. Yatsun sun yi fari, sun yamutse, irin na wanda ya kwana biyu hannunsa a cikin baho. Ƙanshin sitaci na tashi daga jikinsa. A duk faɗin Kano mutum biyu ne za su iya duban kan mutum a hoto su ciro hularsa daga cikin ɗari biyar, ɗayansu kuma bai bar rumfarsa ba.

“Sannu da dawowa,” in ji Modu.

“Yauwa, Baba. Sun ce in gaishe ka.”

Tambayar tana bakin Modu, amma ba a yi wa suruki irinta. Ya haɗiye, ya ce a kawo masa fura.

Ba a ba Salmanu ƙarin girman ba, amma an rage masa aiki: ba ya shiga aji ranar Alhamis. Tun daga makon, kowace Alhamis da safe sai ya zo rumfa, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya koma gefen baho ya zauna. Ba ya taɓa ruwa, ba ya magana. Duk wanda ya shigo karɓar hula sai ya ɗaga ido ya dube shi, ya dubi abin da aka miƙa masa, ya mai da kai ƙasa. Modu kuwa ya ci gaba da ba kowa tasa, don ba a korar suruki.