Tsohuwa a Kujerar Baya

Wata uku da samun lasisina na sayi motar, ta hannu, mai kujeru layi uku irin ta masu iyali. Ta girme ni da shekara biyu. Yayana ya ce, "Kai da ko budurwa ba ka da ita, wa za ka zuba a ciki?" Ƙofar baya ɗaya ba ta kulluwa.

Ran wata Talata na fito daga shagonmu na ɗinki zan kai wa wata mata kayanta. Ina tayar da mota sai na ji murya a bayana: "Ka daɗe."

Saura kaɗan in fice ta taga. Wata tsohuwa ce zaune, jaka a cinya, ta ɗaura bel tsaf.

"Iya, ina wuni? Ai ba motar haya ba ce."

"Ni za ka gaya wa? Mu je, Auta, kar a tashe su."

Na fita na duba lamba. Tawa ce. Na tambayi maƙwabtan shago, ba wanda ya san ta. Na rasa abin yi, sai na ja mota, tana ce mini dama, hagu. A shataletale motar ta mutu, ana ta yi mana hon, gumi ya jiƙa ni.

"Zaro makullin kaɗan, sannan ka murɗa," in ji ta.

Na yi haka, nan take motar ta tashi. Makanikena sati biyu yana neman wannan matsalar.

Ƙofar wata makarantar firamare ta kai ni, wai jikokinta za mu ɗauka. Yara suka fito, suka watse, mai gadi ya ja ƙofa. Ba wanda ya nufo mu. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta juyo ta ƙura mini ido.

"Kai ɗan waye?"

Ni ma a lokacin da ƙyar na tuna.

Sai can na lalubo takardun mota, na kira lambar wanda ya sayar mini.

"Tana wurinka?" Har ya yi ihu. "Mahaifiyata ce! Tun safe muke nema!" Ya ce ƙaramin jikokin nan yanzu yana jami'a. Fitowa ta yi, ta ga tsohuwar motarsu a bakin titi, ta shiga.

Ya yi mini kwatance na kai ta gida. Da ya kama hannunta zai fito da ita, ta nuna ni da haɓa.

"Wannan bai iya tuƙi ba, amma yana da ladabi. A ba shi ruwa."

Na sha. A hanyar komawa sau biyu na ɓata, kuma sai da na isa shago na ga kayan ɗinkin da na fita kaiwa suna nan a kujera.