Nishin Mai Gyaran Agogo

Mai gyaran agogo ya daɗe da gajiya har ta zame masa suna. A layin shagonsa Sannu-Sannu ake kiransa. A gajiye yake tashi, a gajiye yake wuni, in kuma ya hau can ƙarshen benen da suke haya sai ya tsaya bakin ƙofa ya saki wani dogon nishi: "Wash!" Da jin haka matarsa za ta kore yara daga doguwar kujera, ta kawo masa matashi. Cefane ita, kai yara makaranta ita, hawa da tukunyar gas ita. Ba wanda ya taɓa zama ya raba aikin haka. Nishin ne ya raba.

Ranar da barci ya kwashe shi da gilashin aiki a ido, ya farka da shatin agogon wani a goshinsa, ranar ya tafi asibiti.

Likita ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta sa aka ɗebi jininsa.

"Malam, me kake ci da safe?"

"Shayi."

"Da rana fa?"

"Shayi, amma da sukari sosai."

"Ruwa?"

"Ai likita, shayin ma da ruwa ake dafa shi."

Sai da ta ajiye biro ta yi dariya. Ta ce jininsa ne ya yi ƙasa. Ta ba shi ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce ya riƙa karyawa da abin kirki, ƙwai ko wake ko ganye, ya rage shayi, ya sha ruwa, ya riƙa samun hutu, ya daina kwanciya da waya a hannu, shago kuma ya riƙa takawa da ƙafa.

Bai faɗa a gida ba. Kunya yake ji a ce magidanci guda ba shi da jini. Ƙwayoyin ya ɓoye su a aljihun tebur cikin batira.

Bayan 'yan makonni, wata safiya, ƙarfi ya zo masa ba sallama. Yana cikin tafiya ya ji ƙafafunsa suna gaba, shi yana bin su. Ya tsallake kwata. Ya dawo ya sake tsallake ta, don ya tabbatar shi ne. A shago ya kakkaɓe ƙura, ya murɗa duk agogon bango suka tashi, har waɗanda masu su suka manta da su, sai ga shago ya kaure da ƙararrawa, shi kuma yana juyi a tsakiya da tsumma a hannu. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo.

"Sannu-Sannu, lafiya? Ko wutar lantarki ce ta ja ka?"

"Jini ne, maƙwabci! Ashe haka kuke ji kullum, kuka yi shiru?"

Da yamma ya doshi gida yana fito. Ya hau bene da sassarfa, ya tsaya bakin ƙofa, kafin ya ankara nishin ya fito da kansa. "Wash!" Aka kore yara, aka kawo matashi. Ya kwanta, yatsun ƙafarsa suna rawa a ƙarƙashin mayafi. Kai, kujerar nan da daɗi take ga mai lafiya!

Daga nan ya shiga shari'a da kansa, yana warware agogo a shago yana yi. Shin nishi ƙarya ne? Ai bai ce ya gaji ba. Nishi ba magana ba ce, iska ce. To amma in iska ce kawai, me ya sa yake ajiye ta sai bakin ƙofa? Ya ce a ransa, ai hutun ma likita ce ta umarta. Ransa ya ce, ba ta umarci matarka ta hau da gas ba. Kullum sai ya yanke hukunci gobe zai faɗa, kullum kuma in ya iso kwanar layinsu sai ya daina fito, ya ranƙwafar da kafaɗa, ya fara jan ƙafa.

Wata la'asar ya shigo haka, nishinsa a shirye cikin ƙirji, sai ya tarar da matarsa zaune a tsakiyar matakala. Tukunyar gas na gefenta, ta jingina kai da bango, idonta a rufe. Leɓɓanta sun yi fari.

Ta buɗe ido. "Sannu da zuwa, Baban yara. Wuce ka hau, ka gaji. Yanzu zan taso."

Ya durƙusa, ya ja fatar idonta ƙasa kamar yadda aka yi masa. Fari fat. Nishin nan bai fito ba. Bai san lokacin da ya saɓa tukunyar a kafaɗa ba, ya haura da gudu, ya dire ta a kicin, ya sauko yana tsallake matakala, dariya na ƙwace masa, hawaye kuma na neman biyo ta.

"Maman yara, akwai wata magana."

"Ta tsallen kwata?"

"Wa ya gaya miki?"

"Tagar kicin ai kwanar layi take kallo," in ji ta. "Kullum ina ganinka kana tahowa kamar ɗan akuya, da ka iso wajen falwaya sai ka tsufa. Yara har rige-rigen leƙe suke yi. Ƙaramar ta iya kwaikwayonka."

"To me ya hana ki magana?"

"So nake in ga ranar da za ka ɗauka da kanka. In na ce ka ɗauka, ai ni na ɗauka."

Ya so ya tsaya ya auna maganar, ya ga ko ita ma tana da laifin shiru, amma ba a matakala ake wannan shari'ar ba. Ya miƙa mata hannu. Ta ce ya bari. Bai bari ba, ya sungume ta gaba ɗaya, tana dukan bayansa tana cewa maƙwabta za su gani, yara kuma daga sama suna ihu suna tafi.

"Gobe da safe asibiti," ya ce yana haki. "Ni zan kai yara, ni zan yi cefane."

"Ka san inda kasuwar take?"

"Zan tambaya."

A bakin ƙofa ya sauke ta. Ta gyara mayafi, ta dafa bango, ta dube shi ta wutsiyar ido, sannan ta ja numfashi tun daga ƙasan ciki.

"Wash!"

Ya kore yara daga doguwar kujera, ya ruga neman matashi.